Tallan siyasa na kuɗi a Facebook: abin da yake yi wa ɗan takara a Daura

Da zarar kakar zaɓe ta kama, sai ka ga hoton ɗan takara ya cika wayoyi daga Daura har Sandamu da Mai'adua. Wasu sojojin baka ne ke yaɗa shi, wasu kuma kuɗi aka biya Meta, kamfanin da ke da Facebook, ta maɓallin Boost na ƙara yaɗa abin da aka wallafa. Wannan na biyun muka auna.

Kafin a saki tallan siyasa a Najeriya, dole mai asusun ya tabbatar da ko shi wane ne. Zai kunna tsaro mai mataki biyu, ya ɗora katin shaida na gwamnati, sannan ya rubuta sunan wanda ya biya kuɗin, wanda zai fito a saman tallan. A nan aka fi tuntuɓe. Yaro yana amfani da laƙabi a shafinsa, katinsa kuma na ɗauke da wani suna, sai a ƙi amincewa da shi. A gyara sunan tun makonni kafin a buƙaci tallan. Duba talla kan ɗauki kwana guda, kuma dokar zaɓe ta tsayar da kamfe sa'o'i 24 kafin ranar jefa ƙuri'a, don haka wanda ya bari sai jajibiri ya makara.

Wajen biya, a sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a lissafi. Tun Janairun 2022 ake cire shi.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne zaɓen yanki. Mutum zai rubuta Daura ya ja da'irar har kilomita 80, yana murna adadin masu gani ya ƙaru. Ai da'irar nan ta haɗiye Kazaure, mutanen Jigawa ke nan, ba su da ƙuri'a a mazaɓar Daura, Sandamu da Mai'adua. Kowane idonsu kuwa an biya shi. Gara a shiga Ads Manager, shafin Meta na tsara talla, a kafa alama a kan gari, a matse da'irar, a maimaita wa kowace ƙaramar hukuma. Aiki ne na minti ashirin, amma shi ne bambancin.

Sai alƙaluman da ake kai wa Oga. Kallon daƙiƙa uku ma ana ƙirga shi a matsayin kallo, wanda yatsansa ya ɗan tsaya kafin ya wuce ya shiga lissafi. A nemi adadin waɗanda suka kai rabin bidiyon, shi ya fi gaskiya. Bidiyo gajere da Hausa, mai maganar taki ko rijiyar burtsatse ta unguwa, ya fi riƙe mutane a kan hoton babbar riga da kirari.

Abin da muka fi yaba wa tsarin shi ne rumbun tallace-tallacen Meta. Duk tallan siyasa yana zama a can shekara bakwai, tare da kimanin abin da aka kashe, kowa na iya dubawa kyauta. Ɗan jarida a Katsina zai iya ciro alkawarin 2023 ya ajiye wa mai shi a gaba.

Ga matasan gari masu data, tallan ya cancanci kuɗinsa. Dattijon ƙauye da matan gida kuwa har yanzu rediyo da saƙon murya na WhatsApp suka fi kai musu, don haka kada a ɗebi kason rediyo a zuba nan.