Tsohuwar motar kwana ta Ducato: injin 1.9, 2.5 ko 2.8?

'Yan uwa masu son sayen tsohuwar motar kwana a nan Jamus, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, don Allah kafin ku tsaya kallon labule da laushin katifa ku buɗe bonet tukuna. Yawancinsu, ko Hymer ce ko Knaus ko Dethleffs, ɗakin kawai kamfanin ya gina, ƙasan Fiat Ducato ne. Kuma Ducato ta farko ta 1981 ai ita ce J5 ɗinmu ta lodin tumatir da albasa, masana'anta ɗaya ce ta haɗa su a Italiya har da Citroën C25, to duk wanda ya taɓa ganin J5 da lodi tana hawa tudu ya san inda zancen nan ya dosa.

Mu fara da injin lita 2.5 na gas mara tobo. Ƙarfin doki 75 ne a tsohon yayi, 84 a na 1994. Injin nan baya mutuwa da wuri, gaskiya, kowane bakanike zai iya kwance shi ya ɗaure, amma fa an ɗora masa ɗaki mai kusan tan 3, ga wancan gadon na saman direba yana tare iska, kana shiga tudun Kassel a hanyar A7 sai ka koma giya uku, tireloli na bayanka suna ba ka fitila. Mai haƙuri da gajeriyar mota zai ji daɗinsa, mai iyali da kaya kam a'a.

Shi 1.9 mai tobo, doki 82 zuwa 90, a takarda kamar ya fi, amma ƙaramin inji ne, kullum a matse yake aiki. In motar ba ta kai mita 6 ba kuma ku biyu ne kai da uwargida, ba laifi. In mai gado shida ce kar ma ka tsaya ciniki, komai arha.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne 2.8 idTD, doki 122, wanda ya gaji 2.5 TDI mai 116. Ni wallahi shi ne zaɓina. Ba lambar doki ce ta burge ni ba, ƙarfin ja ne tun daga ƙasa, kana taka totur kaɗan za ka ji motar ta miƙe ba sai ka yi ta canza giya ba, kuma famfon mansa na Bosch irin na da ne, ba na'urori barkatai, in wani abu ya samu a ƙauyen Sifen ko Maroko ba sai an nemo mai kwamfuta ba. Yana da ƙara dai, a babban titi sai kun ɗaga murya a hira.

Ƙaninsa 2.8 JTD da ya fito a 2000 doki 128 ne, ya fi shiru, ya fi laushin tuƙi, shi kuma kwamfuta ke sarrafa mansa, to sai ka tabbatar wayoyinsa lafiya suke. Masu 2.8 sun daɗe suna maganar giya biyar, ita ce raunin giyabos ɗin, kar a sa ta mota na tafiya a hankali ko ana hawa. A gwaji ka sa ta, ka saki totur ka sake takawa, in ta fita da kanta ko tana kuka to a rage kuɗi. Na 2.3 JTD mai doki 110 daga 2002 shi ma yana da kyau sosai, 2.0 JTD mai 84 kuwa ya yi wa babban ɗaki kaɗan. Dukansu taimin belt gare su, ka nemi rasit na ranar da aka canza, baki ba hujja ba ne.

Ban da Ducato, Mercedes 310D mai silinda biyar doki 95 ma tana nan, sarƙa ce da ita ba belt ba, sai dai tsada, kuma a leƙa ƙasanta saboda tsatsa.

Abin da mutane ke mantawa nauyi ne. Lasisin tuƙi na B, wato na ƙaramar mota, iyakarsa kilo 3,500, babban inji ya fi nauyi, ga ruwa ga tukunyar gas ga kekunan yara ga buhun shinkafa, ka hau sikeli kafin ka biya. Sannan sitika kore na shiga garuruwa irin su Balin da Frankfurt sai Euro 4, wato matakin tsaftar hayaƙi na Turai, tsofaffin nan basa samu sai an sa musu matatar hayaƙi. Wadda ta cika shekara 30 kuma tana cikin kyakkyawan hali tana iya samun lambar H ta motocin tarihi ta shiga ko'ina, wato idTD ta 1998 sai 2028. In gidanka cikin irin garuruwan nan yake, ka lissafa wannan tun kafin ka kira mai motar.