Gargaɗi Kan Dillalan Gurbin Karatun Likitanci a Amurka

Ana jan hankalin ɗaliban da suka yi digirin farko a wajen Amurka, suke kuma burin shiga makarantar likitanci a can, da su yi hattara da wasu dillalai da ke tallata kansu a Facebook da WhatsApp suna iƙirarin cewa suna da gurbi a hannu. Sukan fara da kuɗin tantance takardu, su bi da kuɗin riƙe gurbi, sannan su turo wasiƙar ɗauka mai tambarin jami'a, wadda in an duba adireshin da ta fito sai a ga na Gmail ne.

Wanda ya san tsarin neman gurbin ba zai faɗa hannunsu ba. Yawancin makarantun da ke ba da digirin likitanci na MD ta hanyar AMCAS, wato tsarin bai-ɗaya na neman gurbin makarantun likitanci a Amurka, suke karɓar buƙata, kuma AMCAS ba ya karɓar takardar sakamakon jami'o'in ƙetare, in ban da na Kanada da wasu ƙalilan, ko da WES, wata ƙungiya mai tantance takardun karatun ƙetare, ta tantance ta. Makarantu da dama kan gindaya sharaɗin yin aƙalla shekara guda ana karatu a wata jami'ar Amurka ko Kanada kafin a nema, kuma sanin wani a ofis, wanda shi ne abin da dillalan ke taƙama da shi, ba ya ɗauke wa kowa wannan sharaɗi. Makin jarrabawar neman shiga makarantar likitanci ta MCAT kuwa, wanda ke tsakanin 472 da 528, kai tsaye yake tafiya daga AAMC, ƙungiyar da ke shirya jarrabawar, zuwa AMCAS, don haka alkawarin da dillalan ke yi na ƙara maki zancen banza ne.

Inda suka fi cutar mutane shi ne batun ajiyar kuɗi, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ɗalibin ƙetare ba ya samun rancen gwamnatin tarayyar Amurka, wasu makarantun kuma kan buƙaci ya ajiye kuɗin shekara guda ko fiye kafin ya fara. Da wannan ƙa'ida dillalan ke fakewa su ba da lambar asusunsu, alhali makarantar ce da kanta take sanar da ɗalibi batun ajiyar, bayan ta ɗauke shi, kamar yadda ita ce ke ba da takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita.

Kafin a tura ko sisi, a tuntuɓi ofishin ɗaukar ɗalibai ta lambar da ke shafin makarantar, ba wadda ke jikin wasiƙar ba, a tambaya ko sunan mai nema yana cikin waɗanda aka ɗauka.