Jirgin ƙasan cikin garin Abuja: abin da na gani a matsayina na fasinja

Shekaru da dama ina hango layin dogon nan ta tagar motar haya, ciyawa ta tsiro a gefensa, kuma ban taɓa sa wa raina cewa wata rana zan dogara da shi wajen zuwa wurin aiki ba. Abin da ya tura ni tasha shi ne tsadar kuɗin mota bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da zuwa da dawowa tsakanin gida da tsakiyar birni ya fara cinye wani babban kaso na albashin irinmu. Tun da jirgin ya dawo aiki nake hawansa a kai a kai, da rani da damina, don haka ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗa wa mai niyyar gwadawa abin da zai tarar.

Tarihin aikin yana da tsawo, kuma ya kamata mai hawa ya san shi. An ba da kwangilarsa a 2007, a ƙarshen mulkin Olusegun Obasanjo, ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin, kuma wani babban ɓangare na kuɗin bashi ne daga wani bankin gwamnatin Sin. Sai a watan Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, wato bayan shekara goma sha ɗaya. Bai yi shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da shi, ya zauna shiru har tsawon shekara huɗu, a cikinsu ɓarayi suka lalata wasu kayayyakinsa. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, a zamanin ministan Birnin Tarayya Nyesom Wike, aka kuma sanar da cewa hawa kyauta ne har ƙarshen shekarar 2024. A cikin wannan lokacin ne da yawa daga cikinmu muka fara sanin cikin taragonsa.

Layin ya kai kimanin kilomita 45, da tashoshi 12, kuma reshe biyu ne da suka haɗu a Idu. Na farko yana tasowa daga babbar tashar tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa na Moshood Abiola, da Kukwaba ta ɗaya da ta biyu, da Wupa, ya tsaya a Idu, sannan ya wuce Bassanjiwa ya ƙare a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Na biyu yana barin Idu ya nufi Gwagwa, da Dei-Dei, da Kagini, ya tsaya a Gbazango da ke yankin Kubwa. A Idu ɗin ne kuma ake hawa jirgin Kaduna mai zuwa Rigasa, wanda ya fara aiki a 2016, saboda haka mutumin da ya sauko daga Kaduna yana iya shigowa gari ko ya wuce filin jirgi ba tare da ya nemi tasi ba. Wannan haɗin, a ganina, shi ne mafi hikima a cikin tsarin gaba ɗaya.

Game da jirgin kansa, yabo ne a bakina. Taragan suna da tsabta, na'urar sanyaya iska tana aiki, kujerun kuma ba su matse mutum kamar yadda ake cusa mu mu huɗu a bayan ƙaramar mota ba. Ana binciken jaka a ƙofar tasha, akwai jami'an tsaro, kuma ma'aikatan da na yi hulɗa da su suna amsa tambaya cikin mutunci. Wanda ya san fargabar tsayawa a bakin titi da magariba, yana duban fuskokin waɗanda ke cikin mota don ya tabbatar ba 'yan fashin nan ba ne masu shigar direba da fasinja, shi zai fahimci darajar zama a wuri mai haske tare da mutane da yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutum yake iya ƙiyasta lokacin isarsa. A titin Kubwa, duk da faɗinsa, tirela ɗaya ta lalace da safe ta isa ta ɓata wa dubban mutane rana. A kan dogo babu wannan. Ina fitar da takarduna in duba, wani lokacin in kammala azkar ɗin safe, ina kallon tsaunuka da gonakin masara da rogo na ƙauyukan da birnin bai gama haɗiye su ba.

Tafiyar da ba zan manta ba ita ce ranar da na raka gwaggona filin jirgi za ta tafi Umara. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma tun daga gida take cewa a ɗauko mata tasi kawai. Na lallashe ta muka hau. Wani matashi ya tashi ya ba ta kujerar kusa da ƙofa yana cewa, "Hajiya, bismillah ki zauna nan," wani ma'aikaci kuma ya kama mana akwati lokacin da muke sauya jirgi a Idu. Ta riƙe carbinta da hannu ɗaya, ɗayan a kan jakar fasfonta, tana leƙen taga har muka isa. Da muka sauka ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ashe akwai wannan a garin nan kuke ta wahala a titi?" Tambayar tata ce ta sa na zauna na yi tunanin dalilin da ya sa maƙwabtana da yawa har yanzu ba su hawa.

Dalilin yana tsakanin ƙofar gida da ƙofar tasha. Yawancin tashoshin ba a cikin unguwanni suke ba; suna gefe ne, wasu a wuraren da gine-gine ba su iso ba tukuna. Gaskiya ne kafin a sake buɗe layin a 2024 an shimfiɗa titunan shiga tashoshi, kuma wannan ya rage matsalar ƙwarai idan aka kwatanta da karon farko. Amma titin shiga tasha yana farawa ne daga babban titi, mu kuma gidajenmu suna can ciki. Daga layinmu zuwa kwalta akwai hanyar jar ƙasa wadda ruwa yake mayarwa taɓo tun daga watan Yuni, da wata kwalbati da ta rufta gefe ɗaya, mazauna suka jera buhunan yashi suka ɗora katako don yara 'yan makaranta su samu wucewa. Da asuba babu fitila ko ɗaya. Mutum zai biya ɗan acaba zuwa bakin titi, ya biya mai keke zuwa tasha, ya sauka a tsakiyar birni inda aka hana acaba tun 2006, ya sake neman motar da za ta kai shi ofis. Idan ya haɗa lissafin sai ya ga abin da ya tsira da shi bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma dole ya daidaita fitarsa da lokacin tashin jirgi. Mace mai goyo, ko ɗan kasuwar Dei-Dei mai kaya, ba za su ɗauki wannan hawa da saukar ba.

A nan ne maganar ta koma kan masu yanke shawara. Abuja ba ta da gwamna ko majalisar dokokin jiha; shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, Majalisar Tarayya kuma ita ke amincewa da kasafin kuɗin yankin. Waɗanda talaka yake zaɓa kai tsaye don harkokin unguwa su ne shugabanni da kansiloli na ƙananan hukumomi shida, wato ta Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a cikinsu akwai ƙananan tituna, fitilun hanya, magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan jirgin yana hannun manya a sama, amma ƙananan abubuwan da za su kai mutum gare shi suna rarrabe tsakanin hannaye da yawa. Mun taɓa rubuta takarda a kan kwalbatin nan da sunan ƙungiyar mazauna unguwa, muka kai wani ofis aka ce ba huruminsu ba ne, muka kai na biyu aka ce a jira kasafi mai zuwa. Ba na ɗora wa wani mutum ɗaya laifi, domin na ga cewa iyakar hurumin ce kanta ba ta fito fili ba. Abin da nake so shi ne a riƙa zama da mazauna kafin a tsayar da inda titi zai bi ko inda za a ajiye wurin tsayawar keke, saboda mai unguwa da limami da shugabar matan kasuwa sun san inda ruwa ke kwanciya fiye da wanda ya zo duba wuri sau ɗaya da rani. Ƙananan motocin safa da za su riƙa zagaya unguwanni suna haɗuwa da lokacin jirgi za su cika taragan nan fiye da kowace sanarwa a rediyo.

Akwai kuma gibin da kowa ya sani. Tsarin birnin da aka zana a 1979 ya tanadi hanyoyin sufurin jama'a, amma ma'aikata da yawa sun ƙare da zama a Nyanya, Karu da Mararraba, kuma cunkoson da ya fi tsanani yana kan hanyar da ta taso daga can ta shigo ta shataletalen AYA da ke Asokoro. Dogo bai je wannan ɓangaren ba har yanzu. Mararraba tana cikin jihar Nasarawa ne, don haka aikin yana buƙatar gwamnatoci biyu su zauna a kan teburi ɗaya, kuma ina roƙon su zauna.

Wanda zai fi cin moriyar jirgin a yanzu shi ne matafiyi mai zuwa filin jirgin sama, da mai haɗawa da jirgin Kaduna, da ma'aikacin da gidansa ko ofishinsa yake kusa da tasha. Ga waɗannan ina ba da shawarar su gwada ba tare da shakka ba. Su tambayi jadawalin tashi da kuɗin tikiti a tashar da ta fi kusa da su tun kafin ranar tafiya, su iso da wuri idan safiya ce saboda kujeru suna cika, kuma wanda jirgin sama ke jiransa ya bar wa kansa isasshen lokaci don sauyawa a Idu. Idan damina ce kuma unguwarku irin tamu ce, ku riƙo takalmin ofis a leda, ku taka taɓon da na roba, ku sauya a tasha.