Gargaɗi ga matasan Katsina da Daura masu neman sayen jitar bes ta intanet

Ina jan hankalin matasanmu na Katsina da Daura, musamman masu zaman situdiyo da ɗaliban da ke sha'awar koyon jitar bes, wato doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ke riƙe gindin kiɗa, game da wata damfara da ake yi a Facebook da WhatsApp da sunan sayar da kayan kiɗa cikin rahusa. Dalilin da ya sa tarkon ke kama mutanenmu a fili yake: yawancin waƙoƙin da ake bugawa a situdiyoyinmu da fiyano ake fitar da bes ɗinsu, saboda haka mai son koyon jitar kanta da wuya ya sami shago a kusa inda zai ɗauke ta ya gwada, kuma ba shi da wanda zai gaya masa ainihin kuɗinta, sai ya koma kan waya yana lalube.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutumin zai buɗe shafi ya cika shi da hotunan jitoci masu sheƙi, mafi yawa da tambarin Fender, shahararren kamfanin jita na Amurka, a kansu, ya ce shagonsa yana kasuwar Alaba ta Legas, kayan kuma 'yan Kwatano ne da aka sauke daga kwantena, shi ya sa yake sakin su a kan kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Da zarar ka yi masa magana zai amsa nan take, ya turo maka bidiyon jita ana kaɗa ta, ya ce guda ɗaya ta rage kuma akwai mai son ta, amma idan ka ba da kafin alƙalami yanzu zai ajiye maka. Idan ka nuna shakka sai ya sauko da murya: "Haba ƙanena, ni ma ɗan Arewa ne, wallahi ba zan ci haƙƙinka ba." Bayan ka tura rabin kuɗin sai a nemi kuɗin mota. Washegari wata baƙuwar lamba za ta kira ka, mai maganar ya ce shi ne direban da aka ba kayanka, yana wajen Zariya an tare motarsa a shingen bincike, sai an biya wani abu kafin a saki kwalin. Wanda ya riga ya zuba kuɗi ba ya son su tafi a banza, don haka yakan ƙara, kuma a kan wannan raunin aka gina damfarar tun daga farko. Ranar da ka ce ba ka da ko sisi, ranar za a toshe lambarka, shafin kuma ya sake suna ya ci gaba da farauta.

Akwai nau'i na biyu, wanda a ganina ya fi muni domin yana da wuyar kai ƙara. Shi wannan yana turo kaya da gaske, ka je tasha ka karɓi kwali ka sa hannu, sai ka isa gida ka tarar jabu ce: jita marar asali aka liƙa wa tambarin Fender, wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da katako har yatsa ba ya iya danne su. Ɗan koyo bai san haka ba, sai ya ɗauka hannunsa ne bai faɗa ba, ya yi ta wahala har sha'awar ta fita daga ransa.

Gaskiyar magana ita ce mai fara koyo ba ya buƙatar Fender. Kamfanin shi ne ya fitar da Precision Bass a 1951 da Jazz Bass a 1960, kuma har yau su ne ake kwaikwayo, amma na asali, waɗanda ake ƙerawa a Amurka da Meziko, ba a samun su a kuɗin banza ko da na hannu ne. Kamfanin da kansa yana da ƙaramin tambari mai sauƙin kuɗi, Squier, wanda ake ƙerawa a ƙasashe irin su Indunisiya da Sin, sannan ga Yamaha TRBX174 da Ibanez GSR200, waɗanda dukkansu don masu farawa aka yi su. Jitar da ta faɗi sunanta na gaskiya ta fi wadda ta ari babban suna, kuma duk wanda ya yi maka tayin Fender ta Amurka a kan kuɗin Squier ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ba a cinikin biri a sama. Idan babu abin da kake so a nan, Kano ba nisa, kuma kuɗin motar zuwa Sabon Gari da dawowa bai kai kafin alƙalamin da za a cinye maka ba. Ka tafi da wanda ya taɓa riƙe bes, a jona ta da amfilifaya a gabanka. Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa ƙasa, ka tabbatar bai murɗe ba. Ka danne tsirkiya a kan ƙarfe na farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan a lokaci guda, ka duba tsakiyar: tazarar da ta rage tsakanin tsirkiyar da ƙarfen kada ta wuce kaurin katin waya sosai. Idan ta wuce, a gwada sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake juyawa da ɗan makulli don miƙe shi, domin in ta cije ko ta karye gyaran na iya cin kuɗin da ya kusa na jitar. Ka bi kowace tsirkiya ɗaki-ɗaki kana sauraron zuza, ka murɗa maɓallan ƙara, ka girgiza wayar a bakin kafarta ka ji ko sauti yana yankewa. Mai gajeren hannu ya nemi mai tsawon tsirkiya inci 30 maimakon inci 34 da aka saba.

Amfilifaya ma ana cuta a kanta. Ana haɗa wa mutum da ta jita mai tsirkiya shida a ce kyauta ce, alhali lasifikarta ba ta jure nauyin bes idan aka ƙure ƙara. Wadda aka shigo da ita daga Amurka kuwa galibi wuta mai ƙarfin volt 120 take ci, tamu kuma 230 ce, don haka a karanta rubutun bayanta kafin a soka ta a bango, in ba haka ba hayaƙi ne zai biyo baya.

Wanda dole ta sa shi saye daga nesa, ya nemi mai kayan ya kira shi ta bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunan mai sayen da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan jitar, ya nuna lambar da ke kanta kusa da kyamara, sannan ya kaɗa kowace tsirkiya. Ɗan damfara zai ce netiwok ba kyau ko kyamararsa ta fashe. A sa hotunansa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sau da yawa za a gan su a shafukan shagunan ƙasashen waje. A duba sunan shagon a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a kuma lura da sunan da banki ya nuna kafin a danna tura kuɗi. Idan shago suna ɗaya ne, asusun kuma na wani mutum ne daban, a tsaya. Mafi kyau a wakilta ɗan'uwa ko abokin da ke Legas ya je shagon da ƙafarsa, ya biya bayan kaya sun shiga hannunsa.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru ko ya goge hirar. Ya adana hotunan saƙonnin, da rasit, da lambar asusun, da lambobin da suka kira shi, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan wani ya kira daga baya ya ce zai ƙwato masa kuɗin amma sai an biya shi wani abu tukuna, kada a tura ko kwabo, domin galibi mutanen farko ne suka dawo da sabuwar lamba.