Sharhi kan aikin akantan da ke riƙe littafin jarin abokan tarayya a injin casar shinkafa a Kura

Akwai injinan casar shinkafa da ke Kura da ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Tiga waɗanda na haɗin gwiwa ne, inda mutum uku ko huɗu ke zuba kuɗi su yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba tare da sun kafa cikakken kamfani ba. Namu ma haka yake, kuma a kan hidimar wani ofishin akanta na cikin birnin Kano da ke riƙe mana littafi nake wannan sharhi, domin masu irin sana'armu su san abin da za su samu da abin da ba za su samu ba.

Dalilin buƙatar akanta a nan ya samo asali ne daga yadda doka ta ɗauki haɗin gwiwa. Cikakken kamfani shi ne ke biyan harajinsa ga gwamnatin tarayya, amma kasuwancin tarayya ba ya biyan harajin riba da kansa. Ana raba ribar ne a kan abokan, kowa ya haɗa kasonsa da sauran abin da yake samu, ya bayyana wa hukumar tattara haraji ta jiharsa kafin ƙarshen watan Maris. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ana lissafa harajin a kan kason ribar da ya faɗo wa mutum, ko ya karɓe shi a hannu ko ya bar shi a cikin injin an sayi shanshera da shi. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, kuma wannan rangwame na kowane mutum ne shi kaɗai, don haka sanin kason kowa daidai ya ƙara muhimmanci.

A nan ne ofishin ya cancanci kuɗin da yake karɓa. Ya buɗe wa kowane abokin tarayya shafinsa dabam, wanda ke farawa da abin da ya zuba, a ƙara masa kason ribarsa da duk wani ƙarin jari, sannan a rage abin da ya ɗiba da kasonsa na asara. A misali, wanda ya zuba miliyan 5, ya samu ribar miliyan 1, ya ɗibi miliyan 2 don hidimar aurar da 'yarsa, jarinsa ya koma miliyan 4, ko da kuwa a ransa yana ganin har yanzu mai miliyan 5 ne. Abin da ya fi burge ni shi ne dagewarsu kan raba jari da bashi: idan ɗayanmu ya ba injin kuɗin man dizal a lokacin da wuta ta yi wuya, sai sun tambaya a rubuce ko rance ne da za a mayar masa ko ƙari ne a kan jarinsa. Tambayar takan ɓata wa dattawa rai, domin suna jin kamar ana zargin amanarsu, amma ita ce ke hana rigima ranar da wani zai fita daga tarayyar ko magada su zo neman haƙƙinsu.

Irin wannan lissafi ba baƙon abu ba ne a wasu ƙasashe. A Amurka akwai nau'in kamfanin da ribarsa ke wucewa kai tsaye kan masu hannun jari, kuma tun daga shekarar haraji ta 2021 hukumar harajin ƙasar, IRS, ta fitar da fom mai lamba 7203 domin bin diddigin jarin kowa, saboda a can ba a barin mutum, wajen lissafin harajinsa, ya rage asarar da ta zarce abin da yake da shi a kamfanin. Dokarmu dabam ce, amma tsarin shafin da aka yi mana kusan ɗaya ne.

Aikin yana da nasa rauni. Rahoton yana zuwa da Turanci zalla, alhali biyu daga cikinmu da ajami suka fi sabawa, sai an nemi mai fassara. Sannan ma'aikatan sun yi jinkiri wajen fahimtar jarin da ba kuɗi ba: wanda ya kawo buhunan shanshera lokacin kaka, da farashin wace rana za a ƙiyasta su? Sun fara ɗaukar farashin ranar sayarwa, wanda ya kumbura jarin mutum ɗaya a kan na saura, har sai da muka amince a riƙa amfani da farashin kasuwa na ranar da kayan suka shiga sito. Ba sa kuma taɓa lissafin zakka, wannan sai mu koma wa malamanmu.

Ga wanda ke juya injinsa shi kaɗai, wannan hidima ta yi tsada. Ga masu tarayya kuwa ina ba da shawarar a ɗauke ta, da sharaɗin a rubuta yarjejeniyar rabon riba tun farko, kuma a nemi akantan ya zo Kura da kansa ya karanta wa kowa shafinsa da Hausa a ƙarshen kowace shekara.