Kwamfutar da aka gwada ni kafin a haɗa

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan an gama shigar da riɗi lafiya, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ka ce in faɗa maka nawa na sayi kwamfutata don ka kwatanta da farashin Beirut Road a Kano. Bar batun kuɗin tukuna, ka ji yadda aka yi cinikin.

Ko shago ban leƙa ba. Daga ɗakina na shiga shafin intanet na Dell, kamfanin da ke ƙera kwamfuta, na zaɓi faɗin allo, na ƙara wurin ajiya, na cire abin da ba na so, farashi yana hawa yana sauka a kan idona. Sai da na biya sannan suka haɗa ta, kamar tela ya gwada ka kafin ya sa almakashi. Ba a daɗe ba mota ta ajiye kwali a bakin ƙofa.

Mai kamfanin, Michael Dell, a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'ar Texas ya fara a 1984, nan Austin ta Amurka inda nake, da jarin dala 1,000. A 1996 suka koma sayarwa ta intanet ma. Kai da ke sari a kasuwar Gujungu za ka fi ni gane dabarar. Riɗi in ka ɓoye shi, jira kake ya tashi. Kwamfuta kuwa duk kwanan da ta yi a shago faɗuwa take, don sabuwa na tafe a bayanta. Wanda ba ya haɗawa sai an biya, ina zai ga kwantai? Ga kuɗin mai saye a hannunsa tun da wuri, ba dillali, ba la'ada. Tamu kuwa sai ta bi ta hannun mai shigo da kaya a Legas, ta bi ta ɗan sari a Kano, kafin mai shago a Ringim ya ɗora nasa.

Su Dell ɗin ma dai a 2007 sun kai kaya kantunan Walmart, saboda ko'ina akwai irin Baba, sai ya taɓa da hannu.

Abin da ya riƙe harkar shi ne adireshi. Nan kowane gida da lambarsa. Mu fa? “Bayan masallacin Juma'a, gidan da ke da tsamiya.” Shi ya sa kwamfutar ɗanka sai dai in bayar da saƙo in na samu mai tahowa. Ya rubuto mini aikin da zai yi da ita. Bakin cajar nan daban yake da namu, ku nemi adafta kafin ta iso.

Ƙaninka