Antibodin CD4 da CD8 na ɓera: abin da na gani bayan wata shida

Sammore ce ta kai ni ga wannan aiki. Na tashi ina ganin shanun Baba suna ramewa a wajen Ringim, ana cewa cizon ƙudan tsando ne suka kwaso a kiwon kudu. Da na kai ga binciken digiri na biyu sai na zaɓi ƙwayar Trypanosoma congolense, ɗaya daga cikin masu haddasa sammore, ina sa wa fararen ɓeraye jinsin BALB/c, waɗanda ba sa jure mata kamar baƙaƙen C57BL/6. Abin da nake son sani shi ne halin da ƙwayoyin garkuwa na T suke shiga a cikin saifa.

Ido ba ya rarrabe su, sai an yi musu shaida. Shi ya sa na sayi antibodi uku, wato sinadaran garkuwa masu manne wa takamaiman alama a jikin ƙwaya, ta hannun wani dillali a Legas: na CD4 samfurin GK1.5 mai koren rini FITC, na CD8a samfurin 53-6.7 mai rinin PE ruwan lemo, da 2.4G2 wanda ke toshe makamar CD16 da CD32, wato inda wasu ƙwayoyi ke cafke jelar antibodi. CD4 da CD8 alamomi ne da ke raba ƙwayoyin T gida biyu. Biyun farko kowanne yana manne wa alamarsa a jikin ƙwaya, sai na'urar ƙidayar ƙwayoyi da ke Kano ta haska shi da leza, kore daban, ruwan lemo daban.

Aikinsu ya yi kyau, babu ja. A lafiyayyen ɓera na ga gungu biyu a ware tsaf, masu CD4 sun fi yawa kamar yadda ya kamata. Ranar da na fara ganin haka a fuskar kwamfuta sai da na kira Malam, mai duba aikina, ya zo ya gani. Suna kuma da auki. Na gwada ragewa kaɗan-kaɗan, na tarar rabin ma'aunin da takardar ta faɗa yana isar ƙwaya miliyan 1, don haka ƙaramar kwalba mai maikirogiram 50 ta kai ni nesa.

Na ukun ne na so in tsallake saboda tsada. Malam ya ce, "'Yata, kar ki yi rowa a nan." Gaskiyarsa. Saifar ɓeran da ya kamu tana kumbura ta cika da makurofaj, wato ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta, su kuwa suna cafke jelar kowane antibodi ko ba nasu ba. Gwajin da na yi ba tare da toshiyar ba duk ya cakuɗe, lissafi ya haura na ƙarya.

Inda na sha wuya shi ne sanyi. Ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, cikin duhu, kuma kada su daskare. A Afrilu, zafinmu yana wuce digiri 40, wuta kuwa sai an ga dama. Kwalbar PE ta farko ta iso ƙanƙararta ta narke, ƙanena kuma don kyautatawa ya jefa ta firiza. Haskenta ya dushe, kuɗi suka tafi, na yi kuka sosai. Ta biyun na je tasha da kula cike da ƙanƙara na karɓo da hannuna, na naɗe da takardar aluminiyam, na ajiye a firijin sola.

Zan sake sayen waɗannan samfura. Amma yanzu ba na biyan dillali sai ya faɗa mini ranar da kaya za su taso, kuma odar gaba sai hunturu ya shigo.